A juya hoton a ga bayansa

Duk wanda ya leƙa kasuwar tsofaffin hotuna a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, zai tarar da hotunan taurarin fim birjik: Marlene Dietrich, Ingrid Bergman, Sophia Loren, Marilyn Monroe, fari da baƙi, takarda mai sheƙi, gefe ya ɗan nannaɗe. Mai talla zai rubuta sunan jarumar da manyan baƙaƙe, ya ƙara da cewa hoton jarida ne na asali, ya yanka kuɗi. Abin da sau da yawa ba zai nuna maka ba shi ne bayan takardar. In ma ya nuna, sai ka ga ya ɗauke shi a karkace, haske ya wanke rubutun. Ni kuwa a ganina rabin darajar irin wannan hoto a bayansa take, kuma duk jarida ko dillali ko gidan tarihi da ya raba fuskar hoto da bayansa ya yi ɓarna, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Dalili shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki hotunan nan 'yan gudun hijira ne, waɗanda suka bar gida da ƙasa da kayan aiki, wasu ma har da suna. Sau da yawa hatimin da ke bayan takarda shi ne kaɗai shaidar da ta rage cewa aikinsu ne.

Kafin Hitila ya hau mulki a 1933, Jamus ce uwa ma ba da mama a harkar mujallun hotuna. Mujallar Berliner Illustrirte Zeitung ta kamfanin Ullstein tana buga kusan kwafi miliyan 2 duk mako. A watan Oktoba na shekarar aka yi dokar da ta hana Yahudawa aikin jarida, har da masu ɗaukar hoto, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1934, kuma a shekarar aka tilasta wa iyalan Ullstein sayar da kamfaninsu. Sai masu ɗaukar hoto da editoci suka watse. Martin Munkácsi ya nufi New York a 1934, Alfred Eisenstaedt da Lotte Jacobi suka bi a 1935. Stefan Lorant, editan wata mujallar hotuna a Munich, ya sha ɗauri na wasu watanni, ya fito ya ƙare a Landan, inda ya fito da mujallar Picture Post a 1938. Erich Salomon ya tsallaka Holan, can aka kama shi, ya mutu a sansanin Auschwitz a 1944. Philippe Halsman, haifaffen birnin Riga na ƙasar Latbiya, ya tsere daga Faransa a 1940 da taimakon Albert Einstein. Kamfanonin dillancin hotuna biyu da suka riƙa ciyar da mujallar Life tun fitowarta a 1936, wato Black Star da PIX, 'yan hijirar nan ne suka kafa su a New York.

Me ya kai masu ɗaukar hoton siyasa da yaƙi wajen taurarin fim? Abinci. Hoton jaruma yana sayuwa a kowace ƙasa, ba ya buƙatar tafinta, kuma baƙon da Turancinsa bai nuna ba yana iya yin aikin. Amma ba ɗaukar a-ci-abinci suka yi ba. A lokacin, manyan kamfanonin Hollywood suna da masu hotonsu na gida, irin su George Hurrell da Clarence Sinclair Bull, masu aiki da ƙatuwar kyamara da nagatif mai inci 8 da 10, a jera fitilu, a zaunar da jaruma, bayan an gama a sa fensir a share duk wani tabo da ƙurji a jikin nagatif ɗin. Baƙin nan kuwa da ƙananan kyamarori suka zo, Leica da Rolleiflex da Ermanox, suna aiki da hasken da suka tarar. Tun 1930 Salomon ya ɗauki Dietrich a Hollywood tana kwance a gado cikin dare tana waya da 'yarta da ke Barlin. Munkácsi ya ɗauki ɗan rawa Fred Astaire yana tsakiyar rawa. Halsman, wanda ya yi bangon Life har 101, ya mai da shi al'ada ya ce wa kowane babba ya yi tsalle, don mai tsalle ba ya iya riƙe fuskar da ya shirya wa jama'a. Yadda muke ganin taurari yau, kamar an shammace su, daga hannun mutanen nan ya samo asali.

To, ga inda gizo ke saƙar: sunayensu. Endre Friedmann na Budapest shi ne ya koma Robert Capa a Faris a 1936, sunan da shi da abokiyar aikinsa Gerda Taro suka ƙirƙira don editoci su ɗauka wani shahararren Ba'amurke ne su biya da tsoka. Ita ma Taro ba sunan yankanta ba ne. Dawid Szymin na Warsaw ya zama Chim, daga baya David Seymour, kuma shi ne ya ɗauki Sophia Loren da Audrey Hepburn da Bergman kafin harsashi ya same shi a rikicin Suez a 1956. Hans Baumann ya zama Felix H. Man, Kurt Hübschmann ya zama Kurt Hutton. A shekarun farko Picture Post ba ta ma sa sunan mai hoto, wani ɓangare don a rufa wa baƙin nan asiri. Wanda ba ma'aikacin dindindin ba kuwa, hotonsa kan bi ta hannun kamfanin dillanci a Landan, wannan ya tura wa takwaransa na New York, kowa ya buga nasa hatimi, wani lokaci a liƙa takarda a kan na baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan na cikin abin da ya sa Capa da Seymour da abokansu suka kafa nasu kamfanin dillancin hotuna, Magnum, a 1947, bisa sharaɗin cewa nagatif da haƙƙin mallaka na mai ɗaukar hoto ne, ba na mujalla ba.

Yanzu a ɗauki hoto guda a juya shi a kan tebur mai tsafta. Ga hatimi da tawada mai ruwan algashi ko shunayya, da sunan kamfani da adireshi da gargaɗin cewa a ambaci suna in za a buga. Ga 'yar siririyar takarda da aka buga da tafireta, an liƙa ta a gefen ƙasa an nannaɗo ta, ta yi ja-ja-ja don tsufa, ɗauke da bayanin hoto da rana da lambar nagatif. Ga kwanan wata biyu ko uku an buga su a karkace, ɗaya kan ɗaya, kowanne ranar da jarida ta yi amfani da hoton ce. Ga rubutun edita da jan fensir mai maiƙo, yawan layukan da hoton zai ci a shafi. Wani sa'in har da yankin jaridar kanta an manna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan magana yake yi.

Adireshi shi ne agogo na farko. A Amurka, in ka ga sunan gari da lamba ɗaya ko biyu a tsakiya, kamar New York 17, to ba a yi hatimin kafin 1943 ba, don a shekarar gidan waya ya raba manyan birane shiyya-shiyya. In lambar gidan waya mai alƙaluma 5 ce, to daga 1963 ne zuwa sama. A Jamus lamba mai alƙaluma 4 ta farkon shekarun 1960 ce, mai 5 kuwa sai 1993. Don haka hoton da aka ce wankin 1938 ne, amma hatimi ɗaya tak da ke bayansa yana ɗauke da lamba 5, akwai tambaya. Ba lallai jabu ba ne, don ana iya buga sabon hatimi a tsohon hoto. Abin da ake nema shi ne hatimi ko kwanan wata mafi tsufa, shi ke nuna cewa takardar ta riga wannan rana zuwa duniya. Mutane kan yi kuskure a nan, su ɗauki ranar da ke cikin bayanin hoto a matsayin ranar wanki. Ranar ɗauka daban, ranar wanki daban. In jaruma ta rasu, kamfanonin dillanci kan koma ga tsohon nagatif su wanko sababbi su rarraba wa jaridu, shi ya sa hotunan Monroe na farkon shekarun 1950 da yawa wankin 1962 ne ko bayan haka. Masu tantancewa a Amurka sun yi wa abin aji huɗu, kuma ba sa ba hoto aji na ɗaya sai an wanke shi daga nagatif na asali cikin kimanin shekara 2 da ɗauka.

Sai ita takardar. Ta zamanin, takarda ce zalla mai zare, marar kauri, bayanta yana karɓar fensir, kuma takan lanƙwashe in iska ta bushe. Wadda aka shafe da roba gaba da baya, mai santsi kamar leda, ba ta shigo ba sai ƙarshen shekarun 1960, ta yaɗu a shekarun 1970. Da ka ji santsin nan a bayan hoton da aka ce na kafin yaƙi ne, magana ta ƙare. Girma ma yana taimakawa: Amurkawa inci 8 da 10 suka fi yi, Jamusawa da Faransawa santimita 13 da 18 ko 18 da 24.

Gwaji na gaba yana buƙatar ɗaki mai duhu da irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, mai tsawon zango nanomita 365. Daga wajajen 1950 zuwa 1955 kamfanonin takarda suka fara zuba sinadarin ƙara fari, irin wanda ke cikin omo. Takardar da ke da shi takan yi walƙiya shuɗi-shar a ƙarƙashin fitilar, wadda ba ta da shi sai ta yi dishi-dishi. Amma a kula, gwajin hanya ɗaya yake bi. In ta haska, ba ta kafin 1950 ba ce. In ba ta haska ba, ba a tabbatar da komai ba, don ba kowace takardar baya ce ke da sinadarin ba, kuma dogon wanki da ruwa yana fitar da shi. A kuma haska jikin hoton, ba takardar bayani ko kwalin da aka manna shi ba. Da wannan gwaji da binciken zaren takarda aka tona asirin hotunan Lewis Hine, wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, a 1999, waɗanda aka sayar a matsayin wankin hannunsa alhali ya rasu tun 1940, takardun kuwa an yi su ne shekaru bayan mutuwarsa.

Akwai kuma hoton waya. Daga ranar 1 ga Janairun 1935 kamfanin dillancin labarai na AP a Amurka ya fara aika hotuna ta layin tarho, na'ura ta karanta hoto layi-layi a wannan gari, wata ta zana shi a wancan. Gane shi ba wuya: bayanin yana cikin jikin hoton a gefe, ba liƙa shi aka yi ba, kuma in ka sa gilashin ƙara girma mai ninki 10 za ka ga siraran layuka a jere. Yana da amfaninsa ga tarihi, amma hannun mai ɗaukar hoto bai taɓa shi ba. Haka ma hoton da aka sake ɗauka daga wani hoton: baƙinsa yakan toshe, farinsa ya ƙone, ka ga ƙura da ƙarce sun zama ɓangaren hoto maimakon su kasance a saman takarda.

Ɓarnar da ta fi ci mini rai ita ce ta masu kwalliya. Hoton jarida kayan aiki ne, ba ado ba. Mai gyara a ofishin jarida yakan shafa farin fenti ko ruwan toka a kewayen kan jaruma don ta fito sosai a bugu, ya ƙara wa gira baƙi, ya ja layukan yanka da fensir mai maiƙo. Dillalin da ke son hoto ya yi kyau a firam sai ya sa auduga da ruwa ya goge, don fentin yana narkewa a ruwa. Garin neman gira a rasa ido: ya share shaidar yadda edita ya datse aikin mutum, ya kuma jiƙa fatar hoton ta kumbura ta bar tabo. Wani kuma ya ɓamɓare takardar bayani don gam ɗinta ya huda ya yi ruwan ƙasa ta gaba, ya jefar. Lalle gam ɗin roba da salatif suna cin hoto, amma cire su aikin gwani ne, kuma in an cire sai a ajiye takardar a ambulan ɗaya da hoton, a rubuta lamba guda a jikin su biyun.

Babbar asara ba a hoto ɗaya take ba, a tarwatsa taska take. 'Yan jaridar Amurka mutuware suke kiran ɗakin ajiyar hotunansu, kuma a can kowace jaruma tana da ambulan nata, hotunan shekara talatin ko arba'in a wuri guda. A irin wannan ambulan ne ake gano mai hoton da ba shi da suna: wannan ba hatimi, amma lambar nagatif ɗinsa tana bin ta wancan mai hatimi, rigar ɗaya ce, ɗakin ɗaya ne. Da an sayar da su ɗai-ɗai ga mutum hamsin a ƙasa goma, zaren ya tsinke ke nan. Lokacin da jaridu suka shiga matsin kuɗi bayan 2008, wani ɗan kasuwa a jihar Arkansas mai suna John Rogers ya riƙa karɓar taskokinsu, ciki har da ta Chicago Sun-Times da ta kamfanin Fairfax na Ostareliya, bisa yarjejeniyar zai mayar musu da kwafin kwamfuta shi kuma ya riƙe takardun ya sayar. A 2014 jami'an FBI suka dira a kansa, kamfanin ya durƙushe, a 2017 aka yanke masa shekara 12 kan zamba. Miliyoyin hotuna suka maƙale a hannun kotu da masu bin bashi.

Masu kare cinikin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa da ba don dillalai ba, da bola aka kai hotunan, kuma an sha yin hakan. Munkácsi ya rasu a 1963 cikin talauci, aka yi wa gidajen tarihi tayin kayansa suka ƙi, kayan suka watse. Sai a 2007 gilasan nagatif ɗinsa kusan 300 suka ɓullo a eBay, cibiyar hotuna ta ICP da ke New York ta saye su. Kasuwa ce ta cece su, ba hukuma ba. Na yarda. Na kuma yarda cewa jami'ar da ta karɓi kwalaye ta kulle shekara ashirin ba ta lissafa ba, ba ta fi dillali da komai ba. Amma an ga yadda ake yi in an so. Hotunan Black Star kusan 292,000 sun tafi wata jami'a a Toronto a dunƙule a 2005. Na Magnum kusan 200,000 suna cibiyar Harry Ransom a Texas tun 2010, da hatimansu da ambulansu. Taskar Otto Bettmann, wanda ya baro Jamus a 1935 da akwatuna biyu na hotuna, yau tana cikin sanyi a wani tsohon ramin haƙar dutse a Pennsylvania, kimanin mita 67 a ƙarƙashin ƙasa. Ba na cewa a hana sayarwa. Cewa nake kada a sayar sai an ɗauki bayanin, kuma bayanin ya zama na kowa.

Aikin ba shi da tsadar da ake zuzutawa. A ba kowane hoto lamba da fensir mai laushi, 4B ko 6B, a kusurwar baya, a kan tebur mai tauri don kada rubutu ya fito ta gaba. Ban da biro. A yi sikanin gaba a kan ɗigo 600 a kowane inci, har da gefunan takarda, ba a datse ba. Hoto mai inci 8 da 10 zai ba da ɗigo 4,800 da 6,000, wato kimanin megabayit 170 in an adana shi da launi a nau'in fayil ɗin hoto na TIFF mai zurfin launi bit 16. Da launi za a yi ko da hoton fari da baƙi ne, don launin tawada da na fenti shaida ne. Baya kuwa ɗigo 300 ya wadatar, amma a yi sau biyu in akwai takardar bayani mai naɗi: sau ɗaya a rufe, sau ɗaya a ɗage, don sau da yawa hatimin mai hoton yana ƙarƙashinta. A kwafe duk rubutun cikin bayanan fayil ɗin yadda yake, da kurakuransa, a rubuta daga wane ambulan ya fito. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya zai yi gommai a yini. Jaridar da ta sayar ba ta sa wannan a yarjejeniya ba, ba ta kuma riƙe wani kaso na hotunan har sai an kawo mata fayilolin ba, cinikin biri a sama ta yi. Shi ma mai saye, in dillali ya ƙi nuna baya, ya wuce abinsa.

Wanda hoto ya shigo hannunsa kuma, maƙiyansa zafi ne da laima. Ana son ɗaki ƙasa da digiri 20, danshin iska kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Ya haura 65, fumfuna ta samu wurin zama. Sheƙin nan mai kama da madubi da ke fitowa a wuraren baƙi, azurfar hoton ce ta taso saboda laima da gurɓatacciyar iska ko mugun kwali. Rawaya da dusashewa kuwa yawanci daga ranar wanki ne: ɗakin jarida kullum cikin sauri yake, ba a ɗauraye ruwan magani sosai ba, ragowarsa ta ci hoton a hankali. A sa kowane hoto a rigarsa ta poliyesta ko takarda marar asid, ban da ledar PVC mai wari, a kwantar a kwali. A inda damina ke da ƙarfi takarda ta fi leda, don fatar hoto takan manne wa leda in ta sha danshi. Laminetin kuwa kisa ne, ba ya warwaruwa. Wannan ya shafi duk mai riƙe da hotunan 'yan fim ɗin Kano na zamanin kaset, irin waɗanda mujallun Tauraruwa da Fim suka riƙa bugawa tun ƙarshen shekarun 1990, don hoto mai launi ya fi fari da baƙi saurin kodewa, kuma hunturu da damina suna jan takarda gaba da baya.

Nagatif shari'arsa daban. A duba gefen fim. In an rubuta NITRATE, ko kuma na kafin 1951 ne babu kalmar SAFETY a jiki, a ɗauke shi a matsayin mai kama wuta, irin wutar da ruwa ba ya kashe ta da sauƙi, a raba shi da sauran kaya. In na baya ne kuma yana warin tsami kamar ruwan kal, ya fara ruɓewa, tururinsa kuma yana harbin na kusa da shi. Maganinsa firiza, a cikin leda biyu masu zif da kwali mai shan danshi a tsakani, kuma in za a fito da shi a bar shi a rufe har ya dawo zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa ta sauka a kansa. Kafin a kai shi firiza a kwafe duk abin da aka rubuta a jikin tsohon ambulansa, a ajiye ambulan ɗin a gefe da lamba iri ɗaya.